Muhandis Tsani da Tukunyar Bashira

Rubuta, Sharifa, kuma kar ki gyara mini magana. Wanda ya fara gaya mini ma'ajun na toshe bango iri biyu ne, shi ne Abdulwahid, babban masanin unguwar Ammariyya a nan Jidda, mutumin da ya yi wata huɗu cur yana riƙe wa Turawa tsani a Madinar Masana'antu. Ya fito da fensir a kunne, ya ce a dinga ce masa Muhandis, wato injiniya. Muka ƙara masa: Muhandis Tsani.

Maƙwabciyata Hajiya Bashira tana saukar da alhazai. Ta raba falonta da allon jibs, bangon zamanin nan da in kin ƙwanƙwasa yake amsawa kamar ganga, maza nan, mata can. Wajen shigar da gado aka huda shi, rami kamar ƙwan kaza, daidai ido. Jirgin ruwan alhazan kuwa jibi zai tsaya. Wa zai ajiye matarsa a ɗakin da ake leƙe?

Muhandis ya zo. Ya sa yatsa ɗaya, ya sa biyu, ya sa dunƙule don ya fahimci ciwon. Rami ya koma kamar kwakwa.

Ya ce, "Ya Hajiya, ma'ajun biyu ne. Na bokiti, kwaɓaɓɓe, wannan na ragwaye ne, a gumin Jidda sai ya kwana uku bai bushe ba. Na gari kuwa sai masana. Kafin ki ce halas ya zama dutse. Ni da kike gani, Bature da kansa ya taɓa tambayata ƙarfe nawa."

Ta miƙo roba, ya ce ilimi ba ya shiga roba. Ya jawo babbar tukunyar da take dafa wa mutum arba'in, ya juye buhun garin guda, ya zuba ruwa, ya tuƙa da muciyarta. Sai aka kira azahar. Muhandis kuwa ba ya salla sai a bayan liman, inda kowa zai gan shi. Ya idar, ya ga ana kallo, ya ƙara nafila.

Muka dawo, muciya na tsaye ƙiƙam. Mu uku, ni da shi da Bashira, muka ja, tukunyar ta biyo mu.

Bashira ta ce, "Ya Muhandis, bangon ne ya huje ko tukunyar?"

"Gwaji ne, Hajiya. Shufi, dubi ƙarfi!"

Sai ya koma wa na ragwaye. Bai sa komai ya tare bayan ramin ba, cikin bangon kuwa fanko ne. Yana ɗurawa, muna jin tim a ƙasa. Bango ya shanye bokiti guda bai ce ya ƙoshi ba. Muhandis ya ce allon ne na jabu.

Ranar da alhazai suka iso, ni da Bashira muka kafa faifan tire a kan ramin da ƙusa huɗu, ta bi gidaje tana aron tukwane. Shi kuwa Muhandis ya riga ya sa an ɗora masa tukunyar a ka, muciya na nuna sama, wai kamfani na da injin cirewa, bayan la'asar zai dawo.

Da aka kwana bakwai ta aike ni in karɓo. Na tarar ya sare muciyar, ya kife tukunyar a ƙofar gida, ya hau kai ya harɗe, yana yi wa mutane bayanin bambancin na gari da na bokiti. Ya ɗaga mini hannu, ya ce in dawo in ya gama bayani.

Bai gama ba tukuna.