Mamacin da Ke Cikin Rumbu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na kashe ɗana da bakina ba. Ko na so in manta, mutanen garinmu Barmu ba za su bari ba.

Ni ba mai yawan magana ba ce, kuma ban taɓa zama a aji ba. Abin da na sani, wuya ce ta koya mani. Na haifi shida, na rufe biyar. Agana ta ɗauki nata, ƙyanda ta ɗauki nata, yunwa ta kwashe saura. Isufu kaɗai Allah ya bar mani. Gardi kuwa, wato ɗan sanda mai jar ɗamara na kumandan, mai mulkin yankinmu, sau biyu ya taɓa yin sallama a ƙofar gidana. Zuwan farko zamanin Nasara ne, ina da cikin Isufu, ya tafi da ubansa aikin hanya. Bargonsa kawai aka maido mani. Zuwa na biyu ya riƙe hannun Isufu ya kai shi lakwal, wato makarantar boko, a Tawa, yaron ko famfara bai gama ba. An ce daga baya an samu mulkin kai. Na ji. Amma ɗamarar gardi ba ta sake launi ba, kuma shekarar nan ana ta raɗe-raɗin kamen samari 'yan lakwal a kan zancen siyasa.

A lokacin Isufu ya riga ya gama lakwal, ya dawo gida yana taya ni noma. Mushe, malamin lakwal na garinmu, shi ya zuga shi ya koma Tawa ya yi wata jarrabawa da suke ce wa konkur, ta shiga makarantar koyon aikin likita a Yamai, inda ake koya wa yara allura da ɗaurin ciwo su fito anfarmiye. Ya gaya mani, ba zan yi masa ƙarya ba. Ina daka ya gaya mani, na ce to. (Kullum sai ya kawo mani wani sabon suna na Faransanci. Da na ajiye su duka a kai, da ban samu wurin ɗora tulu ba.) Wata ya wuce, wani ya wuce, na manta.

Ƙarshen damina ne, gero ya yi kai amma ba a fara yanka ba. Ina rijiya da hantsi sai ga wani dogon gardi a kan raƙumi, da bindiga a rataye. Ya tsaya shayar da raƙumin, na ji yana tambayar masu jan ruwa, "Ina gidan su Isufu ɗan lakwal?"

Tuluna yana can bakin rijiya har la'asar. Na bi ta bayan gari. Rabon da in yi gudu irin wannan tun ina budurwa.

Na tarar da Isufu a gindin itacen bedi yana gyaran ƙotar hauya.

"Shiga rumbu ka fiddo mani dami."

"Inna, ba jiya na fiddo ba?"

"Shiga."

Wanda ya san rumbun ƙasarmu ta Adar ya san ba wasa ba ne. Na laka ne, ya fi ɗaki tsawo, bakinsa a sama. Da tsani ake hawa, da igiya ake sauka ciki, kuma a lokacin hatsi ya yi ƙasa ƙwarai. Yana dira na bi bayansa na hau tsanin, na janye igiyar.

"Inna, igiya!"

"Gardi na nemanka. In ka yi ko tari, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

"Gardi? Inna, tsaya mana, ƙila zancen..."

Na ja murfin ciyawa na rufe. Na sauko, na ɗauke tsani na kwantar bayan danga, na saki asabarin ƙofar ɗaki, na zauna ina tsince wake kamar tun safe nake nan.

Gardi ya yi sallama yana murmushi. Murmushin ne ya fi tsorata ni; wanda ya tafi da mijina ma da fara'a ya zo.

"Inna, nan ne gidan su Isufu?"

"Ba shi nan."

"To sai in jira shi." Ya durƙusar da raƙumi.

"Ya yi tafiya."

"Ina? Raƙumina ya sha ruwa, sai in bi shi."

Na duba gabas, na duba yamma. Gwamnati na bin mutum gona, tana bin sa Kwanni, an ce har Kumasi tana aikawa. Wuri ɗaya na sani da ba ta zuwa.

"Ya rasu," na ce.

Murmushin ya ɗauke. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaushe?"

A nan wautata ta cika. Da na ce bara, da ya hau raƙuminsa ya tafi. Amma bakin da bai saba ƙarya ba ba ya iya auna ta.

"Ɗazu."

Ƙaton nan ya jingine bindiga, ya zauna a ƙasa dirshan, ya ja rawani ya rufe fuska. Kafaɗunsa na rawa. Ni ban taɓa sanin gardi na da hawaye ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Kuma ke kaɗai, Inna, babu namiji a gidan? Wallahi ba ni barin garin ga sai an kai shi makwancinshi. Zauna, ni za ni gaya wa Liman."

"A'a, kada ka wahala, kana da aiki..."

"Wanga ya fi aikin."

Kafin in miƙe ya fice.

Ban san mutuwa na da sauri haka ba. Kafin rana ta kai tsaka gidana ya cika. Maza a waje a kan tabarmi, an tura samari maƙabarta da gatari da magirbi. Mata a ciki. Hajo, maƙwabciyata, ita ta fara faɗowa tana dafe da kai.

"Wayyo ni! Yaron da ya gaishe ni da safe! Mi ya same shi?"

"Ajali."

"Bari in gan shi."

Na tare ƙofar ɗaki. "Ba mai shiga."

Suka ce baƙin ciki ne ya taɓa ni, a bar ni. Suka zauna, kuma duk faɗin gidan ba su ga wurin zama ba sai inuwar rumbu. Suna kuka suna yabonsa: yaro mai ladabi, mai karanta wa mutane wasiƙa ba ya karɓar ko goro. (Wadda ta fi kowa kuka ɗiyar Hajo ce, har da birgima. Ita ce matarsa yau. Ya ce tun daga cikin rumbu ya yanke shawara.)

Can sai aka ji atishawa, irin wadda aka danne ta ƙi dannuwa.

Hajo ta tsaya. "Mi ne ne wancan?"

"Akuya."

"Cikin rumbu?"

"Kuka ya kawo ki, Hajo. Yi kukanki."

Gardi ya aiko mani da sabon farin ƙyalle daga jakarsa, wanda ya saya don rawanin salla, ya ce a yi likkafani. Na karɓa. Kada ku ɗauka na karaya. Na rantse har na fara duban turmi da tabarya ina auna tsawonsu da na Isufu. Dabarata ita ce in ce ni zan naɗe ɗana da hannuna, a rufe itace, gardi ya tafi, in tsallakar da yaro Najeriya. Hauka ce, na sani. Amma wadda ta rufe biyar ba ta tsoron rufe turmi.

Ina cikin wannan lissafi sai ga Mushe ya shigo, ko hula babu, ido ja wur. Ya tsuguna gabana.

"Inna, Allah shi ba ki haƙuri. Abin da ya fi ƙona mani rai, bai ji ba. Gardin ga albishir ya kawo. Ya ce da ya ji rasuwar sai bakinshi ya yi nauyi, bai iya gaya maki ba."

"Wane albishir?"

"Konkur ɗin nan. Ya ci. An ɗauke shi makarantar likita a Yamai."

Kunnena ya yi ɗif.

"Sake faɗi."

"An ɗauke shi, Inna. Gwamnati ta ci da shi, ta tufatar da shi, shi fito anfarmiye."

"Ba kaso ba?"

"Wane kaso?"

"Rantse."

Ya dube ni kamar na zautu, amma ya rantse. Sannan ya share ido ya ce, "Jibi motarsu za ta tashi daga Tawa. Da an gama jana'iza gardi zai koma shi shaida wa kumandan, a ba wani yaro gurbin. Haka Allah ya so."

Allah bai so haka ba. Ni na so.

Na tuna daren da ƙyanda ta ɗauki 'yan biyuna, babu mai allura tsakanin Barmu da Tawa. Ga ɗana an ce zai zama mai allurar, ni kuma na rufe shi da ƙaiƙayi, ina shirin ba wani gurbinsa da hannuna. Na dubi mutanen da suka cika gida. Duk Barmu tana nan. Babu wata ƙofar baya da zan bi da wannan magana.

Daidai nan Liman ya yi gyaran murya a bakin zaure.

"Baiwar Allah, kabari ya samu, an haɗa ruwan wanka, rana na yi. Haƙuri za ki yi ki ba mu shi. Ina mamacin?"

Na miƙe. "Shina rumbu."

"Ina?"

"Rumbu. Ku ba ni hanya."

Na je bayan danga na ciccibo tsani. Na ratsa tsakiyar mata da shi, ba wadda ta kama mani, ba wadda ta yi motsi. Maza suka shigo suka tsaya cirko-cirko. Na jingina, na hau, na ture murfi, na zura igiya.

"Isufu, fito."

Daga can ƙasa wata shaƙaƙƙiyar murya ta ce, "Inna, kin yafe in yi tari?"

"Yi."

Rumbu ya ɗauki tarin ya ninka shi kamar ganga. Sannan hannu ya fito, sannan kai, fari fat da ƙura, ido jajir, ƙaiƙayi har cikin gira. Mata suka watse. Hajo, da duk girman jikinta, ta saman danga ta fita, ta bar takalmi ɗaya da rabin dangata a ƙasa. Wasu mazan ma da nake ganin girmansu sai a ƙofar masallaci aka tsince su. Raƙumi ya ɗauki ruri.

Isufu ya zauna a bakin rumbu yana susa. Ya dubi taron ya ce, "Sannunku da zuwa." Sannan ya ce, "Mushe, na ji duka. Da gaske ne?"

Mushe ya ɗaga kai, yana dariya hawaye na zuba.

Ni kuwa ina tsaye a kan tsani, sama da kowa, inda babu wanda zai ce bai gan ni ba. Da ƙasa ta tsage a lokacin ma ta yi mani nisa.

Liman ya daɗe yana kallona. "Na yi sallar gawa da yawa a garin ga," ya ce, "amma yau na fara ganin wadda uwa ta ajiye da hatsi. Sauko ki yi istigfari. Uwa ba ta wasa da bakinta a kan ɗa." Na sauko, na yi. Ya yi gaskiya. Har yau in na tuna kalmar da na furta sai na tofa addu'a.

Saura gardi. Na je gabansa na miƙa hannu biyu.

"Ni na yi wa gwamnati ƙarya. Ni za ka kama. Yaron bai san komai ba."

Ya dubi hannuwan, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har ya dafa raƙumi.

"Inna, goron albishir na zo ci, shi ya sa ban biya ta wurin Mushe ba. Ga shi kin sa ni kuka gaban mutane, kin cinye mani rawanin salla. Ni ma tawa uwar cikin ramin marina ta ɓoye ni ranar da aka zo ɗibar soja, na fito baƙi ƙirin, kuma aka tafi da ni. Abin da zan gaya wa kumandan ɗaya ne: na same shi, ga shi."

Na kama masa babban zakarana. Masu haƙar kabari suka dawo buɗu-buɗu da ƙasa suna tambayar me ya tsai da gawa. Gawar ce ta ba su ruwa suka sha. Tunda mutane sun riga sun taru, sai na sa aka fiddo dami aka yi fura, zaman makoki ya koma walima. Hajo ba ta yi mani magana ba sai bayan girbi, kuma ni na gyara dangar.

Gardi ya ƙi karɓar ƙyallensa. A yinin nan tela ya ɗinka wa Isufu riga da wando da shi. Da likkafaninsa ya shiga Yamai. Da safe da za su tafi na ba shi ƙullin gari da ƙuli-ƙuli, na ce, "Ka yi abin da ya kai ka." Ban yi kuka ba. Barmu ta riga ta yi mani kukan jiya, kyauta.

Ya gama, ya fito anfarmiye, ya yi aiki wurare, daga baya aka maido shi nan Adar. Ya yi wa yaran Adar lamba da allura ba iyaka. Sai dai sunan da Liman ya raɗa masa ranar suna ya ɓace. Har gobe in ka ji tsohuwa ta ce, "Za ni wurin Marigayi shi duba mani ƙafa," to ɗana take nufi. Ni kuma Uwar Marigayi, ko a gidan biki.

Abin da na koya kaɗan ne, ba ya cika cokali. In baƙo ya yi sallama, ko da bindiga ya zo, a ba shi ruwa a bari ya kai ƙarshen maganarsa kafin a kashe kowa. In kuma ƙaryar ta zama dole, to a ce bara.