Gwagwarmayar Malam Haladu a Kan Makomar Babur

Da sunan Mai kowa Mai komai muke buɗe tarihin Malam Haladu ɗan Jibo, Jibo ɗan Maikwano, Maikwano ɗan Barau wanda aka ce ya taɓa korar kura da muciya, ko da yake waɗanda aka yi abin a gabansu sun tafi kabari suna cewa kare ne. Haladu na Funtuwa, hedimasta mai ritaya, sadaukin alli da allo, dodon 'yan makara, wanda gyaran muryarsa kaɗai ya sha sa aji shida yin tsit. Mijin Hajiya Tabawa shekara talatin da takwas ba yaji ko ɗaya, uban Nafi'u da Rakiya da auta Jazuli, waɗanda duk sun kawo ƙarfi sun bar gida. Toron giwa mai shan ƙwayar hawan jini safe da yamma.

Bayan haka, musabbabin wannan yaƙi shi ne, wata Talata gwarzon ya halarci rabon gadon wani maƙwabcinsa, ya ga magidanta biyu masu gemu sun ci kwalar juna a kan fanka. Ya dawo gida zuciyarsa na tafasa. Ya tsaya a zaure gaban Gagarabadau, baburinsa ɗan shekara talatin da ɗaya, mai tari uku kafin ya tashi, mai hayaƙin da ke sa sauron unguwa hijira, ya ce a ransa: in a kan fanka an yi haka, ina ga wannan? Nan take ya ɗaura niyyar rubuta wasiyya, ya mallaka wa Jazuli babur bayan ransa, don jini kada ya zuba a zuriyar Maikwano. Dalilin zaɓen auta kuwa, shi ne wanda ya taɓa duban babur ɗin ya ce, "Baba, wannan abin naka sai a hankali," Malam kuma ya ɗauki maganar yabo ce, ya riƙe ta shekara tara.

Sai ya zare biro kamar takobi, ya ɗauki doguwar takarda, ya kutsa cikin gida don ya fara ƙididdige daularsa kafin ya yi hukunci a kanta. Bai yi taku goma ba ya ci karo da rundunar farko, mutum ɗaya ce, tana tsaye bakin kicin da ludayi.

"Malam, me kake rubutawa kana leƙa mini firij?"

"Wasiyya nake, Hajiya. Mutuwa ba ta sallama."

"Allah ya sa mu cika da imani. Amma firij da adashina na saya. Kujerun nan da su aka kawo ni. Katifar da kake minshari a kai ƙanena ya aiko mini. Talabijin kuma Rakiya ta saya mini. Ni ta ce, ba mu ba."

Sadauki ya ja da baya taku ɗaya, irin ja da bayan rago. "Tabarmar tsakar gida fa?"

"Wannan taka ce. Rubuta."

Haka aka ci garuruwansa ɗaya bayan ɗaya kafin tuwo ya nuna. Gidan ma da ya ɗaga ido ya duba, sai ya tuna na mahaifinsa ne, shi da 'yan'uwa bakwai, ba a raba ba tun zamanin da ake sayen goro da kwabo. Da ƙura ta lafa, abin da ya rage ƙarƙashin tutarsa shi ne tabarma, huluna goma sha ɗaya, rediyo mai ɗaure da kyauro, da Gagarabadau. Bai karaya ba, domin jarumi ba ya ƙirga abin da ya rasa, musamman in ba nasa ba ne tun farko.

Bayan azahar ya yi sansani a gaban limamin unguwa, Malam Sabi'u, ya karanta masa abin da ya rubuta da muryar da yake karanta sakamakon jarrabawa a da. Liman ya saurara har ƙarshe, sannan ya harba kibiya ɗaya tak.

"Malam Haladu, ai ba a yi wa magaji wasiyya. Jazuli ɗanka ne, rabonsa Allah ya riga ya yanka masa. In kana son ya samu babur shi kaɗai, sai dai ka ba shi kyauta yanzu kana raye, 'yan'uwansa su sani, ya karɓa, ya fitar da shi daga hannunka."

"Yanzu? Ina numfashi?"

"Ai da numfashin ake kyauta."

Masu tarihi sun haɗu a kan cewa ba a taɓa ganin fuskar Haladu ta yi irin wannan duhu ba tun ranar da sufeto ya same shi yana gyangyaɗi a ofis. Kwana uku yana kewaya babur yana goge shi da tsohuwar hula, yana auna zaman lafiyar zuriya da tafiyar ƙasa zuwa kasuwa. A rana ta huɗu ƙaunar zuriya ta yi rinjaye da ƙyar. Ya aika wa 'ya'yansa saƙo na kalma shida: "Ku zo Asabar. Maganar wasiyya ce."

Saƙon ya girgiza jihohi uku. Nafi'u ya taso daga Abuja tun asuba, Rakiya ta baro aikinta na jinya a Zariya da abin awon jini a jaka, Jazuli ya rufe shagonsa na gyaran waya ya iso idanu jawur. Kafin uban ya buɗe baki Rakiya ta naɗe masa hannun riga ta ɗaura masa awo.

"Baba, ina ne ke maka ciwo? Kada ka ɓoye mana."

"Ke sakar mini hannu! Lafiyata ƙalau."

Sai ya miƙe a kan tabarmarsa, wadda shari'a ta tabbatar tasa ce, Liman na gefe a matsayin shaida, ya yi huɗuba mai tsawo a kan fitinar dukiya da yadda take raba ciki ɗaya, ya kawo misalin fanka, sannan ya ɗaga makulli sama ya yi shela cewa daga yau Gagarabadau na Jazuli ne. Ya gyara tsayuwa, ya shirya tare farmakin manyan biyu, da hujjoji bakwai da ya haddace.

"Mun yarda!" in ji Nafi'u, tun kafin makullin ya daina lilo.

"Wallahi mun yafe masa duniya da lahira," in ji Rakiya.

Jazuli ya dubi babur, ya dubi ubansa. "Baba, me na yi maka? Ga Yaya Nafi'u, shi ne babba."

"A'a, auta, ba na shiga tsakanin uba da ɗansa. Rabonka ne, Allah ya sanya alheri."

"To Yaya Rakiya ta kai wa mijinta."

"Mijina yana da iyali, Jazuli."

Yaƙin da Malam ya yi tsoro ya ɓarke a gabansa, sai dai kowa tura ganimar yake yi. Hujjoji bakwai suka tsaya masa a maƙogwaro. Ana cikin haka Hajiya Tabawa, wadda ta shekara goma sha biyu tana wanke baƙin mai a zaure, ta yi kukan kura daga bakin ƙofa: "Kai, karɓi kyautar ubanka ka yi godiya!" Jazuli ya durƙusa ya karɓa kamar mai karɓar sammaci.

Saura fitarwa. Aka buga Gagarabadau sau goma sha huɗu, ya yi tari, ya ƙi. Nafi'u ya tuɓe babbar riga, shi da Jazuli suka tura shi har bakin titi, Liman ya ce ya shaida. Nan Jazuli ya tuna cewa a bene yake haya, hawa na biyu, ya roƙi a ajiye masa a zaure kafin ya samu wuri. Aka sake turo shi ciki, daidai kan tabon mansa.

"Ni dai fitarsa na gani," in ji Liman, ya mai da fuska ga kwanon tuwo.

Ranar Litinin da hantsi sadauki ya saka hula, ya ɗaga ƙafa zai hau zuwa kasuwa, sai murya ta fito daga kicin.

"Malam, ka tambayi mai shi?"

Ya sauke ƙafar. Ya ciro waya ya kira, sai a kira na uku aka ɗauka.

"Ka hau mana, Baba," in ji Jazuli. "Amma ban da gudu, a zuba mai, kuma a dawo mini da shi kafin magariba."

Haladu ɗan Jibo ɗan Maikwano ya yi gyaran murya, ya ce, "To."