Allin Mushe a Taskirar Kakata

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kakata ta zo lakwal, wato makarantar boko, yi wa malaminmu Mushe godiya ba. Na tsufa, haƙora sun zube, sunayen rabin 'yan ajinmu sun ɓace mini, amma wannan rana ta ƙi barina.

A shekarar farin nan ne da gero ya ƙone a tsaye. Lakwal ɗinmu rumfar zana ce a wani ƙauye kusa da Bande, kuma ba ɗalibin da yake da kayan rubutu na kansa. Komai na tarayya ne. Mu huɗu a tebur guda, ɗan allo guda muke karɓa-karɓa, tsumman gogewa guda, sai sandar alli da ake karya mana. Kwalin alli ɗaya aka aiko wa ajinmu daga Magarya. Malaminmu, wanda kowa ke kira Mushe (wato malam a bakin masu Faransanci), ya ce shi zai kai mu ƙarshen shekara, in ya ƙare mu koma rubutu da yatsa a ƙasa. Ya dubi ajin kaf, ya zaɓe ni in riƙa rabawa da safe ina tattara guntaye da yamma, wai ina da fuskar amana (Allah ya jiƙan Mushe, boko ya karanta, bai karanta fuska ba).

Kakata kuwa kaɗi ne sana'arta. Mai kaɗi ba ta aiki sai da nata allin, na ƙonannen ƙashi, tana dangwala yatsa don kada mazari ya suɓuce. Wata rana ta tsinci guntun allin lakwal a aljihuna, ta murza, ta ce wannan ai ya fi nata laushi. Ta tambayi inda na samu. Kafin in yi tunani bakina ya ce Mushe ne ya ce in kawo mata. Tsohuwar da ba ta yi dariya ba tun da saniyarmu ta faɗi, ranar har da guɗa. Ta sa masa albarka, ni kuma ta ƙara mini ɗumame. Shi ke nan. Guntu ya zama sanda, sanda ta zama sanduna, duk suna ƙarewa a taskirarta.

Da kwali ya fara nuna gindi, Mushe ya tambaye ni. Na ce guntayen ne ba sa dawowa. Sai idanu suka koma kan Habu, abokin teburina, wanda leɓensa kullum a bushe yake fari fat saboda yunwa. Wani ya ce ya taɓa ganin yana lasar alli (wa bai lasa ba a shekarar nan?). Mushe bai doke shi ba. Tausayinsa ya ji, wanda ya fi duka ciwo. Ya gaya masa a gaban kowa cewa alli ba abinci ba ne, ya hana shi taɓawa. Habu da ya fi mu duka kyan rubutu ya koma zama da hannu a cinya, allo yana wuce shi. Yara suka sa masa suna Ci-alli, har mata a bakin rijiya suka ɗauka.

A hanyar gida Habu ya tare ni. Bai yi faɗa ba.

"Kai ke rabawa, kai ke tattarawa. Ka san ban ci ba. Ka gaya masa mana."

Na ce masa gobe. Da gobe ta yi na sake cewa gobe. Ana cikin haka ubansa ya kwashe iyali suka tsallaka iyaka neman abinci, Habu ya tafi da sunansa na Ci-alli.

Ba a daɗe ba, muna tsakiyar lissafi, sai muka ji sallama da ƙarfi, a ajin da ko tari ba a yi da Hausa sai da Faransanci. Kakata ce, da zanen Sallarta, ɗauke da faifai da curin zare a kai. Ta durƙusa gaban Mushe.

"Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka. Allin da kake aiko mini ta hannun maigidana, ga abin da ya haifar."

Ta juyo ta nuna ni da haɓa, kada a yi kuskuren wane maigidan (haka take kirana). Sannan ta ƙara da cewa na jiya ya ɗan yi gajarta, in da hali a duba.

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi da na ji sauƙi. Mushe ya sa hannu biyu ya karɓi zaren, ya ce ba komai Iya, ya raka ta har bakin zana. Ya dawo ya tsaya a kaina. Ni dai na ji ɗumi yana bin ƙafata, 'yan teburinmu suka janye tasu. Karo na farko da ya yi wa ɗalibi Hausa a aji ke nan.

"Ina Habu yake yanzu?"

Na ce ban sani ba. Ita ce gaskiyar da na fara gaya masa a shekarar.

Bai taɓa ni ba. Ya ɗauke kwalin ya sa a jakarsa, ya ci gaba da lissafi. Ban ƙara shekara biyu a lakwal ba na gudu gona. Kakata ta rasu tana yabon kirkin Mushe, don shi bai tona ba, ni ma ban tona ba. Da na girma na fara zuwa ci-rani, na yi cigiyar Habu a Kano, na yi a Daura, ba wanda ya san shi. Watakila yana raye, watakila ya manta. Ni ban samu wannan rahamar ba.

Yanzu in aka ce a ba dattijo ajiyar kayan jama'a, ko butocin masallaci ne, sai in ce idona ba ya gani. Jikokina kuma ina gaya musu kada su yi ƙarya. In kuwa shaiɗan ya ci ƙarfinsu, to don Allah kada su yi wa tsohuwar da ta iya godiya, don sai ta bi alherin har gidan da aka ce ya fito.