Yadda Ake Ɗora wa Gwamnati Laifin Kwatar Ƙofar Gidanka

Kai mai karatu, in ka bi matakan nan yadda na jero su, na yi maka alkawari za ka tsufa ba ka taɓa yin laifi ba. Unguwa za ta cushe, ƙasa ta taɓarɓare, hannunka fes. Ba a littafi na samo su ba. A wurin Malam Bubayaro na unguwar Hausari a Potiskum na koya, dillalin wake a kasuwar hatsi, mutumin da ruwa ya ci gidansa amma bai ci hujjarsa ba.

1. Ka samu wurin zama

Ba a gyara ƙasa a tsaye. Bubayaro ya ga dakalin ƙofar gidansa ya yi wa 'yan majalisarsa kaɗan, sai ya sa aka faɗaɗa shi da siminti har ya haye kan kwatar layin, ya bar wa ruwa 'yar kafa kamar bakin tulu. Magini ya yi ƙorafi. Bubayaro ya ce masa, "Yi aikinka. Ruwa ai ya san hanyarsa."

Kai ma yi haka. Dakali mai faɗi shi ke haifar da ra'ayi mai faɗi.

2. Ka riƙe kalmar "su"

"Mu" tana jawo ciwon baya, ka guje ta. In ka shanye fiya wata, jefa ledar a kwata kana tsakiyar magana, kada ka yanke numfashi. Bubayaro ya ƙware a nan. Leda na sama yana cewa, "Dubi yadda suka bar mana gari da ƙazanta."

A cikin gida ma kada ka sassauta. Matarsa Rauda ta taɓa leƙowa ta ce, "Malam, kwandon shara ya cika."

"A juye a kwata, ruwa zai tafi da shi."

"Ya kai shi ina?"

"Wannan kuma ciyaman za ki tambaya."

3. In an kira gayya, ka fito da ilimi

Maƙwabcinsa Oche mutumin Binuwai ne, ma'aikacin gwamnatin tarayya, ya daɗe a layin har Hausarsa ta koma ta 'yan Potiskum. Wata safiyar Asabar ya fito da shebur da takalmin roba, matasa na biye da shi.

"Malam Bubayaro, damina ta ƙarato. Mu yashe kwatar nan. Kuma a ɗan fasa bakin dakalin nan naka, ruwa ya samu wucewa."

Bubayaro ya tuna bara ma ruwa ya taɓa bakin zaurensa. Amma majalisa ta zuba masa ido. Ya gyara zaman hularsa.

"Oga Oche, in mu muka yashe, su kuma me muka zaɓe su su yi? Gwamnati kamar yaro ce. Ka yi mata aikinta sau ɗaya, ta saba."

Majalisa ta jinjina kai. Oche da matasan suka yashe kwata tun daga bakin titi, suka zo kan dakali, suka tsaya. Bubayaro ya yi musu sannu da aiki daga zaune. Ka lura da ladabin.

4. Ka kai ƙara wurin ɗan makarantarku

Don kada a ce ba ka taɓuka komai ba, je ka ga kansila, ai makarantarku ɗaya a wannan ilimin. Bubayaro ya samu Kansila Dalhatu yana shirin shiga mota.

"Ranka ya daɗe, kun yi watsi da mu."

"Malam, ku mutanen nan ne ba kwa jin magana. Mu muke zuba shara a kwata?"

"To ina motar kwasar sharar da kuka yi mana alkawari lokacin kamfe?"

"Tana hanya."

Kowannensu ya faɗi gaskiya, shi ya sa suka rabu da fara'a har da gaisar da iyali. Kansila ya tafi yana jiran mutane su gyaru, Bubayaro ya dawo yana jiran gwamnati ta gyaru. Ba wanda ya tuna ya sanar da hadari cewa ana jira.

5. Ranar da ruwa ya zo, ka yi hattara da zuciyarka

A nan yawancin ɗalibai ke faɗuwa.

Cikin watan Agusta, bayan azahar, sama ta ɓalle. Bubayaro na kasuwa suna ja wa buhunan wake tamfol sai ga wayar Rauda.

"Malam, ruwa ya cika tsakar gida. Ya shiga ɗakin Hajja. Na kasa ɗaga ta."

Hajja Falmata mahaifiyarsa ce, ɓarin jikinta ya shanye, ba ta tashi sai an tashe ta. Ya tare Keke Napep, ta mutu a cikin ruwa tun ba su bar babban titi ba. Ya sauka ya kama gudu. Takalminsa ya tafi, hularsa ta tafi, bai waiwaya ba. Duk tsawon hanyar nan bai ambaci gwamnati ba, sunan Allah kawai yake kira da na uwarsa.

Da ya shigo layin, ruwa iya cinya, sai ya hangi Oche yana fitowa daga zauren gidan Bubayaro goye da Hajja, Ene matar Oche na tallafe da ita ta baya, Rauda na riƙe da ledar magunguna a ka. Matasa kuwa sun sa wa dakali diga. Da simintin ya fashe, ruwa ya bi kwata da ƙugi, ɗauke da ledojin shekara da shekaru.

A falon Oche aka lulluɓe Hajja da bargo. Bubayaro ya durƙusa gabanta, hawaye na bin gemunsa.

"Buba," ta ce a hankali, "da ba don bawan Allahn nan ba, da yanzu likkafani kake nema. Ruwan nan ba daga Abuja ya zo ba."

"To, Hajja."

Ya kama hannun Oche da hannu biyu. Abin da ya same shi sunansa kunya. Ciwo ne mai haɗari, amma in ka yi haƙuri yana wucewa.

6. Ka farfaɗo

Ya yi kwanaki ba ya fitowa. Har an gan shi da tsintsiya. Muka fara fid da rai.

Ran da ya dawo majalisa, ana zaune kan ɓaraguzan siminti, wani ya ce gaskiya Oche ya yi namijin ƙoƙari. Bubayaro ya dubi ɓaraguzan dakalinsa. Can ya ɗago.

"Wai shi Oche a ina yake aiki?"

"Gwamnatin tarayya."

"To kun gani. Ashe in sun ga dama suna iya aiki. Amma sai da suka bari ruwa ya kai cinya. Kuma suka rushe min dakali ba ko sanarwa."

Majalisa ta yi ajiyar zuciya. Malam ya warke.

Wanke hannu

Duk abin da ya biyo bayan bin matakan nan, babu ruwana, babu ruwan Malam Bubayaro. In damina ta shigo maka ɗaki, kada ka neme ni, ni malami ne, ba na goyo. Abu ɗaya tsarin ke buƙata wanda ba na sayarwa: maƙwabcin da bai karanta shi ba.

A layin su Bubayaro kam an yi wa Oche canjin wurin aiki zuwa Lakwaja. Ran da za su tafi, Hajja ta riƙe hannun Ene tana kuka har direba ya gaji da oda. Wanda ya kama gidan mutum ne mai fara'a da son karatu. Ya karanta wannan darasin tun daga farko har ƙarshe, ya ce ya ƙaru sosai.