Raka'a Biyun Kofur Hamisi

Zuwa ga Mai Girma Babban Kwamandan Rundunar Maƙwabta, mai masauki a filin Idinmu na garin Bulo Warsan,

Bayan gaisuwa irin wadda mai gida yake yi wa baƙon da bai gayyata ba, wata mas'ala ce ta fi ƙarfin karatuna.

Sojanka Kofur Hamisi Mwakio, bawan Allah mai kiyaye ibada, ya tare ni bayan Azahar ya ce, "Baba Shehu, tun zuwanmu ƙasaru nake yi, raka'a biyu, don kullum ce mana ake yi mun kusa tafiya. Anya sallata tana nan?" Na ce, "Ɗana, ko gemu ba ka da shi da ka zo, yau ga furfura. Wace irin tafiya ce wannan?" Ya ce, "Wallahi, Baba, ni ma abin da nake tambaya ke nan."

Malamanmu sun ce soja niyyar shugabansa yake bi. Saboda haka, ranka ya daɗe, niyyarka nake nema.

Na ɗaya: ka shaida mana a bainar jama'a cewa damina ɗaya za ku yi. Mangwaron da kuka dasa a bakin sansani, yau jikokina ke jifansa. Shin matafiyi yana dasa itace ya zauna jiran 'ya'yansa?

Na biyu: tsaronmu kuka zo yi, Allah ya saka. Kun sare gonakin ayabarmu domin ku hango maƙiyi daga nesa. Har yau ba ku hango shi ba, alhali yana shan shayi a kasuwar raƙuma, yana tambayar lafiyarku.

Na uku: kowace shekara manyanku sukan taru a otal su ƙara wa'adi, su kira hakan "janyewa sannu a hankali". Na tsufa a kan littattafai, ban ci karo da babin da mai barin gida yake ƙara masa katanga ba.

Hamisi zai dawo ranar Juma'a. Idan matafiya ne ku, hanya a buɗe take, za mu raka ku da addu'a. Idan kuwa ka yi shiru, zan umarce shi ya cika sallarsa ya rama na baya, domin mazauni ne. Sannan in hau mumbari in faɗi sunan da shari'a take kiran wanda ya zauna a ƙasar mutane ba da izininsu ba.

Naka mai matuƙar biyayya,
Shehu Guled Abtidon,
Limamin Bulo Warsan