Masu Gadi Uku a Kwamfutar Baba Ayuba

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so, da wata Asabar a Narayi da na tashi burge surukina, na kusa hallaka masa aikin shekara uku.

Lokacin ina neman Ladi. Mahaifinta, Baba Ayuba, tsohon ma'aikacin masaƙa ne, kuma tun da ya yi ritaya yake buga tarihin danginsu a kwamfutar falo, da yatsa ɗaya. Ladi ta gaya masa wai ni gwanin kwamfuta ne (a ofis wasiƙu kawai nake bugawa). Sai ya ce in zaɓa masa antibairos mai kyau, wato manhajar da ke gadin kwamfuta, don wani a cocinsu bairos ya cinye masa komai. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne.

Na duƙufa bincike a waya. Wannan an ce ya fi kama bairos amma yana da nauyi. Wancan ba nauyi amma yana barin wasu su wuce. Na uku kowa na yabonsa, ban gane dalili ba. Kaina ya ɗaure. Can dabara ta zo mini: gidan nan akwai ƙofar ƙarfe, akwai kare, unguwa kuma akwai 'yan sintiri, ba wanda ya hana wani aiki. Na ɗora ukun gaba ɗaya, har ina murmushi.

Ashe ba sa ga maciji da juna. Na farko ya ce na biyu bairos ne, na biyu ya rama, na uku ya shiga ƙara kamar motar asibiti. Ni kuwa duk abin da ya fito sai in danna, ban karanta ba. Da ƙura ta lafa, tarihin Baba ya ɓace daga allo.

Tsoro na ji na gaske, don akwai labaran da ya ɗauko daga bakin tsofaffin da suka riga mu gidan gaskiya. Mama, mahaifiyar Ladi, ta kawo kunun gyaɗa, na kasa ko kallonsa.

Baba ya gyara tabarau, ya ce in ɗan matsa. Da yatsan nan ɗaya ya cire ukun, ya buɗe wani wuri da ɗayansu ya kulle fayil ɗin, sai ga tarihi lafiya lau. Ashe ya yi wata uku yana koyon kwamfuta a ajin coci.

"Da ma kwamfutar da nata antibairos ɗin ta zo," ya ce a hankali. "So na yi in ji ko za ka ce ba ka sani ba."

An ba ni Ladi dai. Amma har yau Injiniya ake kirana a gidan, kuma in na shiga falo Baba yakan rufe kwamfutar da zane. Ni ma yanzu na iya cewa "ban sani ba" tun kafin a gama tambaya.