Yadda Ɗan Amurka Zai Burge Surukansa 'Yan Ingila da Kofin Shayi

Kai ɗan Amurka da ka ƙyalla ido a kan 'yar Ingila, zauna ka kasa kunne. An gwada wannan hanya a kan Garrett, wani dogon saurayi ɗan Jojiya da ya zo ƙauyenmu na Yokshaya neman auren Philippa, 'yar Maureen da Clive. Yarinyar ta riga ta gaya masa in uwarta ba ta yi na'am ba, babu aure. Bi sawunsa, na ba ka tabbaci surukanka ba za su manta da kai ba har kabari.

1. Ƙi tayin farko

Kana shiga, uwar yarinya za ta ce, "In ɗora butar shayi?" Gaisuwa ce, amma kai ɗauke ta tambaya. Garrett ya ce, "A'a Mama, na sha kofi a hanya." Maureen ta yi murmushi ta ce, "Ba komai, ɗana." A garin nan in an ce maka ba komai, to komai ya jagule.

2. Tono tsohon tarihi

Da aka zauna, Garrett ya dubi Clive. "Baba, ka san kakanninmu sun taɓa kifar muku da shayi a teku lokacin da kuke mulkinmu?" Ya tuntsire da dariya shi kaɗai. Clive ya leƙa taga ya ce, "Da alama za a yi ruwa." Mutanenmu ba sa zagi, hadari suke dubawa.

3. Faɗa kicin ka gyara ɓarna

Philippa ta ja shi gefe. "Don Allah yi wani abu! Mama ta fara goge teburin da ta riga ta goge." Sai ya zage hannun riga. Za ka ga buta a kan murhu, ko kallonta kada ka yi. Tari ruwan famfo a kofi, jefa ganyen shayi, tura cikin na'urar ɗumama abinci. Da na'urar ta yi ƙara, Clive ya sauke jarida a hankali kamar wanda aka yi wa rasuwa.

4. Ka raba gardama

Tun aurensu Maureen da Clive suke musu, madara ake fara zubawa ko shayi. Kai kada ka sa madarar sam. Antaya sukari har cokali ya tsaya, cika da ƙanƙara, ɗora lemun tsami. Garrett ya miƙa wa Maureen da hannu biyu. "Mama, haka kakata ke haɗa mana. Tun da ta rasu ban haɗa wa kowa ba."

5. Tsaya a kanta har ta shanye

Maureen ta dubi kofin, ta dubi 'yarta da idanunta suka kawo ruwa. Ta runtse ido ta shanye tas, ƙanƙara na dukan haƙoranta na roba. "Madalla," in ji ta. "Ban taɓa shan irinsa ba." Ai kuwa ba ta yi ƙarya ba. Garrett ya rungume ta har ƙafarta ta bar ƙasa.

6. Riƙe ta da maganarta

An sha biki, ango ya tare a layin bayan gidansu. Kullum da la'asar sai ga shi da tulun shayi mai sanyi, tunda Mama ta yaba. Kunya ta hana ta janye magana. Furen bakin taga ne ke shanye rabonta, har ya mutu, wanda aka sake dasawa ma ya bi shi. Ran nan ta shiga kicin ta tarar da Clive a bakin firji, tulun a baki, yana lumshe ido.

"Clive! Ashe duk shekarun nan da maci amana nake zaune?"

Ya goge baki. "Da alama za a yi ruwa," in ji shi. Rana kuwa ƙwal.

Gargaɗi: in aka kore ka, ko aka ce maka "ka sake zuwa" aka datse ƙofa, ba ruwana. Ban san ka ba, ban taɓa ganinka ba, kuma kada ka kusanci butata.